Dami da Tuwo: Darasi a Kan Juyin Littafi Mai Tsarki

Karatu: Nehemiya 8:1-12, Maimaitawar Shari'a 15:7-11, Rut 2:8-13 da 3:6-11

 Mu 'ya'yanku ne da kuka aiko makarantar tauhidi. Da baikonku da mudun hatsinku muke zaune a aji, saboda haka ya kamata ku ji abin da muke koyo. Darasin wannan fitowa yana kan tambayar da muke sha daga wurinku duk lokacin da muka zo hutu: don me Littafin da ke hannun Baba ya faɗi aya ta wata hanya, na hannun mai bishara kuma ya faɗe ta ta wata hanya dabam? An canja Maganar Allah ne? Kafin mu amsa, bari mu ba ku labarin abin da ya sa muka ga wannan magana ba ta 'yan makaranta kaɗai ba ce.

Abin da ya faru a wani ƙauye

A hutun damina an tura ɗaya daga cikinmu aikin koyo a wata ƙaramar ikkilisiya. Watan Agusta ne, tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba. Yara biyu na gida ɗaya suna kwance da zazzaɓi. Mako guda kafin isowarsa, wani saurayi mai ƙwazo ya yi wa'azi daga Matiyu 6:22-23. Tsohon juyin Turanci ne a hannunsa, yana karantawa yana mayarwa Hausa da kansa, kalma bayan kalma. Da ya kai aya ta 23 sai ya ce Yesu yana gargaɗi a kan mai mugun ido. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma a ƙauyen nan, kamar a ƙauyuka da yawa, in aka ce mugun ido, maita ake ji. Kafin a tashi sujada idanun mutane sun koma kan wata tsohuwa gwauruwa da ke maƙwabtaka da gidan yaran. Aka daina gaishe ta. Da aka zo rubuta sunayen waɗanda za su sami hatsin taimako, aka tsallake nata.

Ɗan'uwanmu ya roƙi dattawa su zauna da shi da yamma. Ya buɗe musu Maimaitawar Shari'a 15:7-11, inda Musa yake gargaɗin mai hali kada ya hana ɗan'uwansa matalauci rance don shekarar yafe bashi ta kusa. Ya nuna musu cewa a aya ta 9, a harshen Ibraniyanci, abin da aka ce game da mai hanawar nan shi ne idonsa ya yi mugunta. Ya kai su Karin Magana 22:9, inda mai ba matalauci abinci ake kiransa mai kyakkyawan ido. Wato a bakin Yahudawa mugun ido rowa ce, kyakkyawan ido kuwa kyauta. Sa'an nan ya ce su duba abin da ke kewaye da ayar Matiyu: kafinta maganar tara dukiya ce, bayanta kuma maganar bauta wa Allah ko bauta wa kuɗi.

Aka yi shiru. Can sai wani dattijo ya ce, "To, ɗana, ashe mu ne masu mugun idon." Washegari suka kai wa tsohuwar rabonta, suka roƙe ta gafara. Yaran kuma aka kai su asibiti, aka tarar zazzaɓin cizon sauro ne.

Saurayin nan bai yi ƙarya ba, kalmomin da ya gani ya faɗa. Amma kalmomin sun iso, ma'anar ta tsaya a hanya, har wata baiwar Allah ta kusa kwana da yunwa a bakin ƙofar majami'a.

Zamanmu a makaranta

Wasu suna tsammani ɗalibin tauhidi addu'a da waƙa kaɗai yake yi daga safe har dare. Ga yadda ranarmu take. Ƙararrawa takan tashe mu tun da asuba. Bayan sujadar safe sai aji har azahar. Da yamma kowa ya ɗauki fartanya ya nufi 'yar gonar da aka yanka masa, gama yawancinmu magidanta ne, da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya ko biyu. Matanmu suna makarantar mata da safe, da rana wata ta soya ƙosai, wata ta yi ɗinki, don a sami kuɗin sabulu da na makarantar yara. Ranar Lahadi mukan watsu cikin ƙauyukan kewaye, wani a keke, wani a ƙafa. In ƙarshen zango ya zo kuɗin makaranta bai cika ba, mutum yakan shiga jarrabawa da rabin hankalinsa a gida.

Darasin da ya fi sa mu gumi shi ne na harsunan asali. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibraniyanci, ban da wasu surori na Daniyel da Ezra da ke cikin Aramiyanci. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci aka rubuta shi. Ibraniyanci yana da baƙaƙe 22, daga dama zuwa hagu ake rubuta shi kamar ajami. Helenanci yana da haruffa 24. Za ku ga magidanci mai 'ya'ya biyar yana yawo da 'yan takardu a aljihu, yana haddar kalmomi a bakin rijiya kamar ɗan aji ɗaya. Akwai daɗi a ciki kuma. Ran da muka gane cewa kalmar salama da kalmar rahama da muke faɗa kullum 'yan'uwan kalmomin Ibraniyanci ne, ta hanyar Larabci suka shigo Hausa, sai muka ji harshen ya matso kusa da gida.

A shekara ta biyu malami yakan ba mu aya ya ce mu juya ta zuwa Hausa ko zuwa harshen da muka sha a nono. Nan ne gardama takan tashi, ta bi mu har ɗakin kwana, har fitila ta ƙare. Aji yakan rabu biyu. Wasu su ce, "Maganar Allah ce, wa ya isa ya taɓa kalma ɗaya?" Wasu su ce, "In mahaifiyata ba ta gane ba, me na juya?" Kusan kowannenmu ya taɓa tsayawa a wannan gefe, ya koma wancan. Akwai kuma wata cuta da takan kama ɗalibi in ya iya Helenanci kaɗan: ya hau bagade ya ce juyin Hausa bai yi daidai ba. Malamanmu sukan tsawata mana a kan wannan, su tuna mana cewa waɗanda suka yi juyin sun shekara da yawa a kan aikin da mu muka fara jiya.

Hanyoyi biyu na juyi

Hanya ta fari ita ce bin kalma da kalma. Mai juyi yakan yi ƙoƙari kowace kalma ta asali ta sami takwararta, ya kuma bar jerin magana kusa da yadda marubucin ya jera. Hanya ta biyu ita ce bin ma'ana. Mai juyi yakan tambayi kansa: me mutanen farko suka fahimta da suka ji wannan magana, yaya kuma mutanena suke faɗin wannan abu a bakinsu?

Ku manoma ne, bari mu kwatanta da abin da kuka sani. Juyin kalma da kalma kamar damin gero yake. Kome yana nan, ba abin da aka zubar, har iri za ka iya ɗiba. Amma ba a miƙa wa yaro mai yunwa dami a ce ya ci. Sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an niƙa, an tuƙa. Juyin ma'ana kuwa kamar tuwo yake a akushi. Wata ta riga ta yi wahalar, kai dai ka wanke hannu. Amma ka dogara ga hannun mai tuƙin ke nan, ba kuwa a shuka tuwo. Gidan da ke da hankali yana da rumbu, yana kuma da tukunya.

A gaskiya babu juyin da ke bin hanya ɗaya tak daga Farawa har Wahayi. Kowane juyi yana karkata ne, wani zuwa nan, wani zuwa can. Dalili kuwa shi ne kowane harshe yana da nasa salon magana. Mu da kanmu mukan ce farin ciki, baƙin ciki, farin jini, shan iska, cin amana. A mayar wa baƙo da waɗannan kalma da kalma, zai ɗauka mai farin jini asibiti ya kamata a kai shi.

Inda kalma da kalma takan ɓatar da mai ji

Ga misalai kaɗan daga littattafan ajinmu. Ku buɗe naku Littafin ku ga yadda aka bi da kowannensu.

1. Amos 4:6. Ibraniyanci ya ce Allah ya ba mutanen Isra'ila tsabtar haƙora. Mai ji zai ce albarka ce, kamar an raba musu asuwaki. Ma'anar kuwa yunwa ce. Haƙoran sun yi tsabta domin ba abin taunawa. Sauran ayar ta bayyana haka, gama ta yi maganar rashin abinci.

2. Fitowa 34:6. A nan Ubangiji ya bayyana halinsa ga Musa, Ibraniyanci kuwa ya ce shi mai dogon hanci ne. A wurinmu dogon hanci yabon kyau ne da ake yi wa amarya. A wurinsu hanci ne mazaunin fushi, don mai fushi yakan yi huci. Mai dogon hanci shi ne wanda fushinsa yakan daɗe bai iso ba, wato mai haƙuri.

3. 1 Sama'ila 24:3. Sarki Saul ya shiga kogo don ya rufe ƙafafunsa. Ba sanyi yake ji ba. Maganar kunya ce, daidai da yadda mu mukan ce mutum ya kewaya.

4. Karin Magana 6:32 da 7:7. An ce wani ba shi da zuciya. Bahaushe in ya ji haka zai ɗauka rago ne marar kishin kansa. Ga Ibraniyawa kuwa da zuciya ake tunani, saboda haka marar zuciya shi ne marar hankali. Wannan irin ya fi haɗari, domin maganar ta yi kama da Hausa sosai, mai ji ba zai ma san ya kauce ba. Haka mugun ido ya yi a ƙauyen can.

Amma kada mu ɗauka kullum sai an sāke magana. Sau da yawa Hausa ta fi Turanci kusa da harsunan Littafi. A 1 Bitrus 1:13 manzo ya yi maganar ɗaure gindi don aiki, mu kuwa muna da ɗaura ɗamara. A Maimaitawar Shari'a 15 an yi maganar dunƙule hannu da buɗe hannu ga matalauci, ba kuwa wanda ke bukatar bayani a cikinmu. Inda hoton ya haye da ƙafafunsa, sai a bar shi.

Inda juyin ma'ana yakan zubar da wani abu

Yanzu sai mu juya ga masu son sauƙi, gama su ma suna da abin ji. Ku dubi labarin Rut, gwauruwa baƙuwa mai yin kala a gonar Bo'aza. A 2:12 Bo'aza ya sa mata albarka, ya ce ta zo neman mafaka a ƙarƙashin fikafikan Ubangiji. A 3:9, a masussuka da dare, Rut ta roƙe shi ya shimfiɗa mata gefen mayafinsa. Mai bin ma'ana zai iya cewa kawai ta roƙe shi ya aure ta, bai kuwa yi kuskure ba, gama abin da al'adar take nufi ke nan. Amma a Ibraniyanci kalmar fiffike da kalmar gefen mayafi kalma ɗaya ce. Rut tana ce masa ne: addu'ar da ka yi mini a gona, kai ne amsarta. Wanda ya roƙa wa gwauruwa inuwar Allah, an ce ya miƙa nasa mayafin. Wannan wa'azi ne sukutum ga kowane kwamitin taimako, yana kuwa ɓoye cikin kalma ɗaya da juyi mai sauƙi zai iya sharewa.

Haka kuma a wasiƙar Afisawa. Bulus ya yi ta maimaita kalmar tafiya: yadda muka yi tafiya dā cikin zunubi a 2:2, tafiya cikin kyawawan ayyuka a 2:10, cikin ƙauna a 5:2, kamar 'ya'yan haske a 5:8. In aka sa zama a wani wuri, hali a wani, rayuwa a wani, kowace aya za ta fito sarai, amma zaren da ya ɗinke wasiƙar ya tsinke.

Akwai wani haɗari kuma. Wani lokaci aya takan ɗauki ma'ana biyu, masana ma ba su daidaita ba. Mai bin kalma yakan bar ƙofofin biyu a buɗe. Mai bin ma'ana dole ya zaɓi ɗaya, mai karatu kuwa ba zai san an zaɓa masa ba. Akwai kuma abubuwan da ba a musanyawa ko da ba a san su a ƙasarmu ba. Ba za mu mai da Ɗan Rago ya zama ɗan akuya don awaki sun fi yawa a garinmu ba, gama Idin Ƙetarewa da hadayun Haikali duk suna rataye a kan wannan kalma. Ba za mu mai da Urdun ya zama Binuwai ba. Abin da ya faru a tarihi, a wurinsa ya faru.

Gardamar ta girme mu duka

Tun kafin haihuwar Almasihu, daga ƙarni na 3, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Attaura zuwa Helenanci domin 'ya'yansu sun daina jin Ibraniyanci. Manzanni sun yi amfani da wannan juyi sau da yawa sa'ad da suke kawo nassi a wasiƙunsu. Markus ma, a 5:41, ya rubuta kalmomin da Yesu ya faɗa wa 'yar Yayirus da Aramiyanci, nan take ya juya su don masu karatunsa. Wannan ya nuna mana juyi ba raini ba ne ga Maganar Allah. Tun farko bishara a cikin juyi ta yi tafiya.

Jerom, wanda ya juya Littafi zuwa Latin, ya rubuta a shekara ta 395 cewa a sauran littattafai ma'ana yake bi, amma in ya zo ga Nassi yakan yi hattara har da jerin kalmomi. Martin Luta ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci a 1522, aka zarge shi da sāke magana. A 1530 ya amsa cewa mai juyi ya saurari uwa a cikin gida, da yara a titi, da talaka a kasuwa, ya ji yadda suke magana. A 1964 wani masani ɗan Amurka, Yujin Naida, ya fitar da littafin da ya ƙarfafa hanyar bin ma'ana, ƙungiyoyin Littafi Mai Tsarki kuma suka horar da masu juyi da yawa a Afirka a kan koyarwarsa. Duka waɗannan masu tsoron Allah ne, kowannensu yana ƙoƙarin kada kayan da aka ba shi amana su zube a hanya.

Littafinmu na Hausa

Wani mishan Bajamushe mai suna Shon, tare da taimakon wani saurayi Bahaushe, Dorugu, ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Sabon Alkawari ya fito a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da yawa wanda Likita Mila na Zariya ya yi tare da mishan na ƙungiyoyi dabam dabam da Hausawan da suka taimake su. Shi ne Littafin da kakanninmu suka koyi karatu da shi, suka haddace ayoyinsa. Daga baya aka yi sabon juyi na 1979 a ƙarƙashin Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, da Hausa mai sauƙin ji. Bayansa ma an yi wasu, kamar Sabon Rai Don Kowa.

Shi ya sa za ku ji wani ya ce Kubawar Shari'a, wani ya ce Maimaitawar Shari'a; wani Misalai, wani Karin Magana; wani Matta da Yohanna, wani Matiyu da Yahaya. Wani ya ce Kristi, wani ya ce Almasihu. Na farkon daga Helenanci ya fito, na biyun kuwa asalinsa Ibraniyanci ne, dukansu ma'anarsu Shafaffe. Ubangiji ɗaya ne, gicciye ɗaya, kabari ɗaya da aka tarar ba kowa a ciki. Hausar 1932 ba ita ce ta jikokinmu ba, kamar yadda kuɗin da aka sayi Littafin da shi a lokacin ba shi ake kashewa yau ba. Dattijon da ke riƙe da tsohon juyi yana riƙe da gādo mai daraja. Yarinyar da ta fi gane sabon juyi ba ta yi ridda ba.

Kada mu manta kuma, da yawa a cikinmu Hausa harshe na biyu ne. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, har yanzu kuwa ana aikin juya Nassi zuwa da yawa daga cikinsu. Kowace Lahadi da tafinta ya tsaya kusa da mai wa'azi, aikin juyi yake yi, duk abin da muka faɗa a sama ya shafe shi.

Abin da za mu yi a ikkilisiyarmu

1. A sami juyi biyu aƙalla a kowace majami'a. Mai shirya wa'azi ya karanta nassin a dukansu. Inda suka bambanta, a nan ne ya kamata ya tsaya ya yi bincike, ya tambayi fasto.

2. Kada a tsinke aya ɗaya a gudu da ita. A karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. Da saurayin can ya karanta Matiyu 6 daga aya ta 19 zuwa ta 24, da ya ga maganar dukiya ake yi.

3. In wata magana ta yi baƙunta a kunne, ko kuwa ta yi daidai da wani tsoro ko zargi da muke da shi tun dā, a yi hattara. Kada a ɗora wa mutum laifi a kan kalma ɗaya. A nemi wani wuri a Littafi inda aka yi irin maganar.

4. Mai karatu da Turanci kada ya juya aya da ka a kan bagade alhali ga juyin Hausa a hannu. Tafinta kuma ya sami nassin tun ranar Asabar, ya karanta, ya yi addu'a a kai.

5. A karatun jama'a, inda akwai yara da tsofaffi da waɗanda ba su yi makaranta ba, a ɗauki juyin da aka fi ganewa. A nazarin Littafi na tsakiyar mako a buɗe duka biyu. Ayar da mutum ya haddace tun yana yaro, a bar masa ita yadda ya haddace.

6. Ku riƙa yi mana tambaya in mun zo hutu. In muka yi wa'azin da iyayenmu mata na zumunta ba su gane ba, ku faɗa mana, gama ba mu gama aikinmu ba ke nan. Ku ci gaba da tunawa da mu da iyalanmu cikin addu'a da taimako.

Mu koma ga karatunmu na fari. A Nehemiya 8, Ezra ya tsaya a kan dakalin katako ya karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana. Bai rage kome ba. Lawiyawa kuma suka bi jama'a suna bayyana musu ma'ana. Ga dami, ga tuwo. Mutane suka yi kuka da suka ji, amma aka ce su share hawaye, su ci, su sha, su aika wa waɗanda ba su da kome. Aya ta 12 ta ce sun tafi sun yi haka da murna mai yawa, dalili kuwa shi ne sun fahimci abin da aka karanta musu. Alamar cewa Magana ta iso garinmu ke nan: akushi zai fita daga gidan mai shi zuwa gidan marar shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne juyi ne muke da su a ikkilisiyarmu? An taɓa samun saɓani a kansu? Yaya aka ƙare?

2. Ku karanta Amos 4:6 da Fitowa 34:6 a kowane juyi da ke wurin. Wanne ya bar hoton asali, wanne ya ba da ma'ana?

3. Ku kawo salon magana uku na harshenku waɗanda baƙo zai yi musu mummunar fahimta in an juya masa kalma da kalma.

4. Bisa ga Maimaitawar Shari'a 15:7-11, wane ne mai mugun ido? Akwai wanda muka tsallake a rabon da ya wuce?

5. Wace addu'a muke yi wa gwauraye da marayu wadda Allah yake so mu zama amsarta, kamar Bo'aza?

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, mun gode maka domin ka yi mana magana da harshen da muke ji. Ka sa albarka ga bayinka da suka ba da shekarunsu ga aikin juyi, da waɗanda ke kan aikin yanzu. Ka ba ɗalibai tawali'u, ka ba dattawa haƙuri, ka ba masu wa'azi da tafintoci tsoronka. Ka gafarta mana inda muka ɗauki Maganarka muka cuci marar ƙarfi. Ka ba mu kyakkyawan ido da buɗaɗɗen hannu. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.